Mutumin Da Ya Rubuta Har Daren Da Tarkonsa Bai Kama Komai Ba

 Yau maganar ɓeraye za mu yi. E, ɓeraye. Na san wani har ya fara dariya yana cewa duk matsalolin da suka yi mana katutu a rasa abin tattaunawa sai ɓera. To ku ɗan yi haƙuri da ni, ku bari mu kai ƙarshe tukuna.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ko a bakin gari ya san farautar gafiya da kurege bayan an kawar da amfanin gona. Ni ma na yi ta, har tabon ƙaya ina da shi a ƙafa. Muna haƙa rami, muna tura hayaƙi, in mun kama mu gasa mu cinye, shi ke nan labari ya ƙare. Ba wanda ya taɓa tambayarmu nawa muka kama, a wace gona, a wane wata. To mutumin da zan ba ku labarinsa yau kusan aikin da muke yi yake yi, sai dai shi bayan ya kama sai ya zauna ya rubuta. Rubutun nan kuwa sai da ya yi kusan shekara casa'in a ajiye kafin babban amfaninsa ya fito.

Sunansa Joseph Grinnell, Ba'amurke ne, an haife shi a 1877, ya rasu a 1939. Shi ne shugaban farko na gidan adana samfurin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili, wanda aka buɗe a 1908. Kuma kafin in wuce, wata mata ce mai suna Annie Alexander ta kafa gidan da kuɗinta, ita ta zaɓi Grinnell ya shugabance shi. Gadon dukiyar rake ta ci, amma ba ta zauna a inuwa tana aika kuɗi kawai ba. Ita da abokiyar aikinta Louise Kellogg sun yi shekaru da dama suna yawo cikin duwatsu da hamada suna ɗana tarko da hannunsu, har ranar da ta cika shekara tamanin a duniya a daji ta same ta. 'Yan'uwana mata da ke karanta kimiyya, wannan naku ne.

A watan Nuwamba na 1914, wato shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu aka yi Najeriya, Grinnell da mutanensa suka fara wani aiki a tsaunukan Siyera Nebada na Kalifoniya, a yankin gandun Yosamiti. Sun shata wani dogon zirin ƙasa, ya faro daga fili mai zafi kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Snelling, ya hau har ƙololuwar da ta kusa mita 4,000, sannan ya gangara ɗaya gefen zuwa tafkin Mono. Don ku gane tsayin, Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Suka yi ta zuwa suna komawa har 1920. Abin da suka dawo da shi: samfurin dabbobi sama da 4,000, rubutun daji fiye da shafi 2,000, da ɗaruruwan hotuna. A 1924 shi da abokin aikinsa Tracy Storer suka fitar da littafi a kan dabbobin Yosamiti.

Yanzu bari in kai ku wurin a lokacin kaka, don a nan ne abin yake da daɗin kallo. Kakar can ba irin tamu ba ce ta girbin gero da dawa. Tasu lokaci ne da zafi ke janyewa, hunturu mai dusar ƙanƙara yana tafe, kowace halitta tana rige-rigen shiri. In ka faro daga ƙasa, ciyawa ce busasshiya ja-ja-ja kamar tamu ta rani, da itatuwan ok a warwatse. Ka ɗan hau sai ka shiga kurmin dogayen itatuwan fain, a tsakaninsu akwai wani nau'in ok da ganyensa ke komawa ruwan ɗorawa yana zubar da 'ya'ya. 'Ya'yan nan su ne abincin mutanen asalin kwarin Yosamiti, kowace kaka sukan tara su, su daka, su wanke ɗacin, su dafa. An far wa waɗannan mutane da yaƙi a 1851 aka tarwatsa su, kuma zan dawo kan maganarsu don tana da alaƙa da labarin. Ka ƙara hawa, itatuwan su canza, iska ta yi sanyi, ka fito filayen ciyawa irin na Tuolumne, wajen mita 2,600, inda a kaka ciyawar ta riga ta ƙone da sanyi. Can sama kuma itatuwan sai su gajarce, su karkace, su kwanta a ƙasa saboda iska, har ka kai inda babu itace ko ɗaya, sai duwatsu da 'yan tsirrai masu maƙalewa a tsaga.

Dalilin wannan jeri ba boyayye ba ne. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Shi ya sa wanda ya je Gembu yake neman rigar sanyi alhali Jalingo ana gumi. Wani masani da ya riga Grinnell, C. Hart Merriam, ya yi nazarin haka a wani tsauni a Arizona a 1889, ya nuna cewa hawan dutse ɗaya kamar tafiya ce daga ƙasa mai zafi zuwa can arewacin duniya. Kowane mataki da tsirransa, kowane tsiro da dabbobin da ke rayuwa a kansa. Da wannan tunanin Grinnell ya hau Yosamiti.

A kakar nan dabbobin ma kowa da dabararsa. Akwai wani kurege na filayen sama da ke cika cikinsa ya yi ƙiba, tun kafin ƙanƙara ta sauka ya shige rami ya yi barcin watanni. Akwai wata 'yar dabba mai suna pika, dangin zomo ce amma kunnenta gajere, tana zaune a tsakanin tarin duwatsu. Ita ba ta barcin hunturu. Sai ta yi ta yankan ciyawa da furanni tana tarawa a ƙarƙashin dutse, kamar dai manomi mai tara harawa, ta ci a hankali har sanyi ya wuce. Akwai kuma wani tsuntsu da ke fasa 'ya'yan fain na can sama yana binne ƙwayar a wurare dubbai, waɗanda ya manta su ne ke tsirowa su zama sababbin itatuwa. Saboda haka mai ɗana tarko dole ya san wata. In ka zo a ƙarshen Oktoba ba ka kama kuregen nan ba, kada ka ce babu shi, yana ƙarƙashin ƙafarka yana barci.

To yaya aikin yake a kullum? Da la'asar za ka ɗauki tarkuna ka jera su a layi, taku kaɗan tsakanin wannan da wancan, ɗaya a gindin itace, ɗaya a bakin rafi, ɗaya a tsagar dutse, kana sa musu ɗan hatsi. Yawancin ƙananan dabbobin nan da dare suke fita. Da asuba, cikin sanyin da yatsu ke ƙagewa, ka bi layin ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ka kama za ka auna tsawonsa gaba ɗaya, tsawon wutsiya, tsawon ƙafar baya, da kunne. Ka duba mace ce ko namiji, tana da ciki ko tana shayarwa. Ka feɗe, ka cusa auduga a fatar, ka ajiye ƙoƙon kai daban, ka ɗaura wa kowanne 'yar takarda mai lamba da kwanan wata da sunan wuri da tsayinsa. Wuni guda ke nan, gobe a sake.

Na san akwai wanda ransa ya ɗan sosu, yana cewa ashe kashe su ake yi. E, a zamanin Grinnell tarko mai kashewa ake amfani da shi, kuma ba zan yi muku kwaskwarima ba, dubban dabbobi sun mutu a wannan aikin. Yau an fi amfani da wani ɗan akwati na gorar ruwa mai naɗewa da ake kira tarkon Sherman, dabba ta shiga ƙofa ta rufe, a sa mata auduga don kada sanyi ya kashe ta, da safe a auna a sake ta, sai kaɗan ake ajiyewa a matsayin samfuri. Ra'ayina shi ne, in za a ɗauki ran dabba don ilimi, to wajibi ne ilimin ya tabbata, a rubuta shi yadda wani zai amfana. Wanda ya kashe bai rubuta ba, ɓarna kawai ya yi. Kuma Grinnell ɗin nan shi ne ya riƙa jayayya da hukumomin ƙasarsa a kan kashe namun daji masu farauta a gandun daji da kuma baza guba don kashe kurege.

Yauwa, ga inda nake son mu daɗe. Grinnell yana da tsarin rubutu da ya ɗora wa duk wanda zai yi aiki da shi, har yau ana koyar da shi da sunansa. Kana da ɗan littafin aljihu na rubutun tafe-da-gidanka. Da dare, kafin ka kwanta, komai gajiya, za ka kwafe shi a babban littafi da tawada mai ɗorewa a takarda mai kyau: inda ka bi, ƙarfe nawa, yanayin sama, irin tsirran da ke wurin. Sannan kowace irin dabba tana da shafinta daban, sannan ga kundin lambobin samfuri. Ba a yarda ka bari sai gobe ba, don gobe ƙwaƙwalwa ta fara ƙari da ragi.

Abin da ya fi burge ni shi ne suna rubuta yawan tarkunan da suka ɗana kowane dare da abin da ya faɗa, har daren da ba a kama komai ba. Ka yi tunani. Ka sha sanyi, ka zagaya tarko arba'in, babu ko ɓera ɗaya, ka dawo ka zauna ka rubuta cewa babu. Yawancinmu za mu ce ai ba abin rubutawa. Amma wannan "babu" ɗin ita ce ta ba sauran lissafin daraja. Misali, tarko 40 a dare 4 ya zama dama 160 ke nan. In wani ya kama ɓera goma a dama 160, wani ya kama goma a dama 1,000, ai ba daidai suke ba. In ba ka san ƙoƙarin da aka yi ba, adadin abin da aka kama ba ya gaya maka komai.

Tun a 1910 Grinnell ya rubuta cewa ainihin amfanin wannan tarin ba zai bayyana ba sai bayan shekaru masu yawa, wataƙila ƙarni guda, lokacin da ɗalibin gaba zai so sanin yadda dabbobin Kalifoniya suke a da. Shi abin da yake gani a lokacin noma ne da kiwo da sare daji suna cinye ƙasa.

Daga 2003 sai masana na wannan gidan, ciki har da Craig Moritz da James Patton, suka ɗauko littattafan suka koma wuraren. Da bayanin da ke rubuce da tsofaffin hotuna da taswira suka gano inda aka yi zango da inda aka jera tarko, suka sake ɗanawa. A 2008 suka wallafa sakamakon a mujallar Science. Cikin nau'in ƙananan dabbobi 28 da suka duba, kusan rabi sun matsa sama, a matsakaici wajen mita 500. A tsawon wannan lokacin, mafi ƙarancin zafin da ake samu a yankin, wato sanyin dare, ya ƙaru da kusan digiri uku. Kuma ku lura, gandu ne da ake karewa, ba a noma shi, ba a sare shi ba.

Matsawar iri biyu ce. Dabbobin ƙasa-ƙasa, irin wani ɓera mai manyan kunnuwa da aka sani da zama a busassun wurare, sun faɗaɗa sun hau inda rubutun Grinnell bai nuna su ba. Su riba suka ci. Amma waɗanda dama can sama suke, iyakarsu ta ƙasa ce ta janye, ta sama kuwa ba inda za ta je, dutse ya ƙare. Akwai wani ɗan kurege mai zane a baya, bai kai nauyin ƙwan kaza ba, ba a samunsa ko'ina a duniya sai a saman Siyera Nebada. Iyakarsa ta ƙasa ta ja sama da fiye da mita 500. Dutse kuwa kun san siffarsa, yadda kake hawa haka fili ke tsukewa, kuma ƙololuwa ɗaya ta rabu da ɗaya. Daga baya wasu masana suka ɗebo ƙwayoyin gado daga fatun da su Grinnell suka ajiye, suka gwada da na yanzu, suka ga bambancin gado a tsakanin kuregun ya ragu, kuma rukunoninsu sun fara rabuwa da juna. Lokacin da ake feɗe fatun nan ba wanda ya san za a iya irin wannan gwajin.

Wani zai tambaya, to ta yaya aka san dabbar ba ta nan, ba kuskure ta aka yi ba? A nan rubutun dare-dare ya yi aikinsa. Tunda an san sau nawa tarko ke kama wata dabba a inda take, sai a lissafa yiwuwar a yi dare huɗu ba a kama ta ba alhali tana nan. Da su Grinnell sunayen dabbobi kawai suka jera, da wannan lissafin bai yiwu ba, da sai dai a yi ta musu.

Amma kada in sayar muku da labari mai santsi fiye da yadda yake. Ba dukkan dabbobin ne suka motsa ba, kuma da aka faɗaɗa binciken zuwa wasu sassan tsaunukan Kalifoniya an ga wasu ma gangarowa suka yi. Dangi biyu na kusa, ɗaya ya hau, ɗaya ya tsaya inda yake. Sannan ga maganar mutanen asalin wurin da na ce zan dawo kanta. Su suna sa wa kwarin wuta lokaci-lokaci da sani, abin da ke hana ƙananan itatuwa cinye fili kuma yake taimakon itatuwan da suke ci. Da aka kawar da su, hukuma kuma ta shafe shekaru tana kashe kowace wutar daji, kurmi ya cushe, filaye suka ragu. Wato tsirran ma sun canza saboda dalilin da ba zafi ba. Don haka ɗumamar yanayi tana da hannu babba, musamman a can sama, amma ba ita kaɗai ke aiki ba. Mu masu fafutukar muhalli muna da halin ɗora wa sauyin yanayi komai, har ambaliyar da toshe magudanar ruwa da leda ta jawo. In muka ci gaba da haka, ranar da muka zo da hujja ta gaskiya ba mai saurarenmu.

Mai cewa ina ruwansa da ɓeran Amurka, to ga ruwansa. A 2012 a cikin Yosamiti ɗin nan mutum goma suka kamu da cutar hanta-bairos da ɓeraye ke yaɗawa, uku suka mutu. Kafin nan, a 1993, da irin cutar ta ɓarke a kudu maso yammacin Amurka, samfuran ɓeraye da aka adana a jami'o'i ne suka nuna cewa ƙwayar cutar ta daɗe a jikinsu, ba sabuwa ba ce. Mu kuma muna da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Ta hanyar ɗana tarko a Saliyo a farkon shekarun 1970 aka gano ɓeran da ke ɗauke da ita, wani mai nonuwa da yawa da ke shiga gidaje da rumbuna. Duk rani muna jin labarin mace-mace, har da likitoci da ma'aikatan jinya. Sanin wane ɓera ne a ina, a wane wata yake yawa, aikin mai tarko da littafi ne.

An ma taɓa yin irin wannan tafiyar daga ƙasarmu. A 1920 wani ɗan Sikotlan mai suna Angus Buchanan ya tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram zuwa Agadas, ya hau duwatsun Azbin har Bagzan, yana tara tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Kayan Ingila aka kai su, can masana suka ba su sunaye. Kun ga ke nan tsohon ma'aunin duwatsun Azbin yana nan, sai dai a wata ƙasa yake. A Taraba kuma, wani ma'aikacin gandun daji, Jim Chapman, ya yi nazarin kurmin tsaunukan Mambila da Gashaka a shekarun 1970. Bayan kusan shekara talatin 'yarsa Hazel Chapman ta koma wuraren ta gwada da abin da mahaifinta ya rubuta, daga nan aka kafa tashar bincike a kurmin Ngel Nyaki, inda matasan yankin ke aikin lura da itatuwa suna rubuta lokacin furensu da 'ya'yansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda na gani da idona. Shekarar da muke kammala digiri, wata abokiyar karatuna ta yi wata uku tana zuwa wata fadama da sassafe tana ƙirga tsuntsaye, da kuɗin motarta, wani lokacin ba ta karya ba. Ta rubuta aikinta, aka ba ta maki, aka ɗaure shi da bango mai kyau. Bayan shekara biyu na koma makarantar karɓar takarda, na leƙa wani ɗaki, sai ga ayyukan ɗalibai jibge a ƙasa, rufi yana yoyo, gara ta ci na ƙasan. Littafin da ta yi ainihin rubutun daji a ciki kuwa ba wanda ya ma tambaye ta shi. Fadamar nan yanzu an yanka ta filoti.

Na kira ta kafin in shigo wannan shirin, na tambaye ta ko littafin yana nan. Ta ce yana cikin akwati a gidansu, a ƙarƙashin kayan lefe. Mun yi da ita cewa ranar Asabar za ta ɗauki hoton kowane shafi da waya, mu adana a wuri fiye da ɗaya, har da shafukan ranakun da ta je ba ta ga komai ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.